Daminar da Jar Mota Ta Yi a Ƙofar Gidan Baffa

Tun kuna ƙanana, duk sallar da muka je Babban Duhu sai ɗayanku ya dawo da wata magana da ya tsinta a bakin dangi. Wannan an ce masa kakanku korata ya yi. Waccan an ce mata ni na sayar da shanun gida na bi mota. Ban taɓa tanka muku ba, har kuka ɗauka girman kai ne. Ba girman kai ba ne, rashin sanin abin faɗa ne. Yanzu da ido ya fara raguwa, hannu kuma ba ya riƙe sifanar kwance noti, bari in rubuta muku yadda abin ya gudana.

Mahaifinmu, wanda muke kira Baffa, Bafillace ne da ya zauna wuri guda ya haɗa noma da kiwo. Mu biyu ne maza, Yaya Haruna da ni Sule. Yaya Haruna ya san shanu kamar shi ya haife su, ni kuwa tun ina saurayi ƙarfe ke jana. Na yi karen mota a wata babbar mota mai ɗaukar gyaɗa, a nan na koyi tuƙi, daga baya na zauna wurin wani tsohon bakanike a Batsari muna gyaran injin niƙa da babur. Da rani ina Batsari, ruwa na sauka in koma gida noma. Lokacin da nake ba ku labari na riga na auri uwarku Ramatu, babbar yayarku Binta tana goye. Babban farin nan da ya cinye shanun ƙasarmu bai daɗe da wucewa ba, garken Baffa ya koma abin da ido ɗaya ke ƙirgawa. A birni kuwa kuɗin man fetur ne ke yawo, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa sai rediyo da babur. Mu muna jin labarin kamar na wata ƙasa.

Wata rana da hantsi muna huɗa a gonar bakin rafi, sai muka ji wani ruri daga hanyar Safana. Ba na babbar mota ba ne, ba kuma na babur ba. Na tsayar da shanu ina saurare. Rurin ya matso, ya yi tari sau biyu, ya ɗauke. Can sai ga wani mutum ya ɓullo ta cikin gero, takalmi a hannu, laka har gwiwa, riga irin ta ma'aikata. Ya zo gaban Baffa ya durƙusa.

"Salamu alaikum. Sannunku da aiki, Baba. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, samari. Ya gida, ya iyali?"

"Lafiya, alhamdu lillahi. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji Baffa, yana kallon lakar da ke ƙafarsa.

Sai da gaisuwa ta ƙare tukuna mutumin ya ce sunansa Isyaku, ɗan Tsaskiya ne, injiniya ne mai aikin hanyoyi a Kaduna. Ya zo ya nuna wa mahaifiyarsa motarsa, aka ce masa ruwa ya yanke hanyar da ya sani, ya zagayo ta wajenmu, mota ta kafe a rafi.

"To, mai yin hanya," in ji Baffa, "yau ka ga tamu."

Muka cire garma muka kora bijimai biyu da karkiyarsu. Da na hango abin da ke tsakiyar rafin, tsayawa na yi. Mota ce ja, a kwance ƙasa-ƙasa, hancinta dogo kamar na kada, ƙofa biyu, kujera biyu tak. Ruwa ya kai rabin ƙofa, baƙin mai yana bin saman ruwan. Muka ɗaura igiya, Yaya Haruna ya yi wa shanun magana da Fillanci, suka ja ta har gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. Na leƙa ƙasa na ga dutse ya fasa tukunyar baƙin mai, injin kuma ya sha ruwa. Injiniya ya ce hutunsa kwana uku ne, zai bar ta, in ya koma zai turo bakanike daga Kaduna. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ranka ya daɗe, in ka yarda, in duba ta."

Ya kalle ni da bulalar shanu a hannu, ya yi dariya. Ya ga ban yi ba. Sai ya miƙo mini makulli, ya ce abin da ya riga ya lalace ba ya tsoron hannu. Aka ba shi aron jaki ya ƙarasa Tsaskiya.

Bakaniken Kaduna bai zo ba, don ruwa ya ci gaba har hanya ta mutu gaba ɗaya. Motar ta zama ɗaya daga cikin mutanen gida. Innarmu ta lulluɓe ta da tsohuwar tabarma don kaji. Mata masu tallar nono suna tsayawa su duba fuskarsu a gilashinta. Yaya Haruna kullum ya wuce sai ya ce kayan mutane ne, ranar da aka ce wani abu ya ɓace mu za a kama. Har mahaifiyar Injiniya, wata tsohuwa Goggo Ladi, ta hawo jaki daga Tsaskiya don ta ga abin da ɗanta ya saya. Ta zagaya ta sau biyu, ta leƙa ciki, ta juyo wurina.

"Yaro, ina ake sa buhu?"

Na ce ba a sa buhu, Goggo.

"To matarsa da 'ya'yansa uku, ina za su zauna?"

Na ce mutum biyu take ɗauka.

"Amfaninta mi ke nan?"

Na ce gudu. Sai ta ce gudun wa ɗan nata yake yi, ta hau jakinta ta koma. Gaskiya ni ma ban san amfanin motar ba. Abin da na sani kawai, ranar da na ɗaga bonet na ga silinda shida a jere da kafireta biyu masu haɗa mai da iska a gefe, komai a inda hannu zai kai, sai na ji kamar wanda ya ƙera ta ya san za a yi wani Sule a Babban Duhu. Na kwance tukunyar mai na ɗaura a keke na kai Batsari aka yi mata walda. Na yanka gaskit mai hana yoyon mai da kwali. Na cire fulogi na fitar da ruwan, na wanke, na shanya, na sake wankewa. Aikin da na ce na mako guda ne ya ci damina. Noma na biyu ya wuce ina ƙarƙashin mota, ciyawa ta ci rabin gonar gyaɗata, Yaya Haruna ne ya nome sauran. Uwarku takan kawo mini fura gindin tsamiya ta tsaya.

"Malam, wannan motar za ta yi mana tuwo?"

In ce mata saura kaɗan. Ban san saura kaɗan ɗin me ba.

Ranar da injin ya tashi, gero ya fara fitar da kai. Na aro batir daga Batsari, na yi bisimilla na murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Maruƙa suka tsinke dangwali, kaji suka watse, Inna ta fito da muciya a hannu tana salati. Amma injin yana rawa, don kafiretocin biyu ba sa shan iska daidai. Na yanko guntun tiyo na sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireta, ina saurare ina murɗa noti, in koma ɗayar, har shaƙarsu ta zama ɗaya, rurin ya kwanta. Da na ɗago, Baffa na tsaye a bayana da sandarsa a kafaɗa. Ban san tun yaushe ba. Ya ce in ba shi tiyon. Ya sa a kunne ya saurara, ya miƙo mini, ya tafi.

Injiniya ya dawo bayan ruwa ya ɗauke. Ya tayar da mota ya tsaya yana saurare, ya ce tun da ya saye ta hannun wani Bature mai komawa gida bai taɓa jin ta haka ba. Ya ce in shiga. Muka lallaɓa har Safana, muka hau hanya mai kyau, ya sake ta. Bishiyoyi suka zama abu ɗaya, na riƙe hulata ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da ya rage gudu sai ya shiga ba ni tarihinta, don mutum ne mai son bayani.

"Ka ga irin wannan mota, Sule, da can Turawa kaɗai ke ƙera ta, kuma sai minista ko babban attajiri ke hawa. Wannan kuwa ta Japan ce. Japanawa sun fara da wata 'yar ƙarama marar rufi, suna kwaikwayon ta Ingila, ana yi musu dariya. Sai suka ce me zai hana mai albashi shi ma ya hau? Suka sa babban inji a jiki marar nauyi, suka yi mata rufi, suka zubar da duk abin da ba dole ba, suka karya farashi. Yanzu masu dariyar sun daina. Kuma motocin Japan za su cika ƙasar nan, babu masu gyara. Ina da aboki mai gareji a Kaduna. Wannan kunnen naka bai kamata ya ƙare a injin niƙa ba."

Ya ce zai aiko da mota bayan girbi, in na shirya in taho da iyalina.

Sau uku na je wa Baffa da maganar. Na farko yana gyaran igiya, na durƙusa na faɗa masa komai. Ya ce bana dawa ta fi gero kyau. Na biyu bayan sallar la'asar, ya saurare ni har na gama, ya ce Kaduna akwai ruwa kuwa, ya taɓa kai shanu kusa da can yana yaro. Na uku ban ma ƙarasa ba ya tashi ya ce maraƙin nan ba ya shan nono. Kun san zamaninmu ba a titsiye uba. Na rasa inda zan sa kaina. In bai so, me ya hana shi cewa a'a, alhali kalma ɗaya ta isa in zauna? In ya so, me ya hana shi sa mini albarka?

Ana saura kwana huɗu motar Injiniya ta zo, da safe bayan an gama tatsa, Baffa ya aika a kira ni garke. Akwai wata farar saniya, jikar karsanar da ya ba ni ranar sunana. Duk zuri'ar ta mutu a fari sai ita. Ya kwance ta daga turke, ya naɗe igiyar, ya kamo hannuna ya sa mini.

"Ga taka."

Shi ke nan. Ya juya ya bi sauran shanu.

Na tsaya da igiya a hannu kamar wanda aka ba riƙon gawa. Yaya Haruna, da ya ga komai, ya matso.

"Ka gane ko? Ya cire ka daga garke. Wanda aka ba tasa ba shi da sauran magana a nan."

Na ja saniyar na shiga gida, na gaya wa Inna. Ta ce kada in saurari Haruna.

"Guzuri ya ba ka. Uba zai bar ɗansa ya tafi birni hannu sake? Da korarka zai yi, ai ba zai ba ka mai nono ba."

Uwarku ta jira har muka kaɗaita, ta ce, "Malam, ga shi can a bakin rafi. Ka je ka tambaye shi mana."

Na fita da niyyar haka. Na hango shi zaune a kan dutse, shanu na shan ruwa. Na yi rabin hanya na tsaya. Tsoro nake kada ya ce kora ce, in tafi da nauyin fushinsa. Kuma ina tsoro kada ya ce zauna, don na san zan zauna, kuma na san ba na so. Na juya. Ranar kasuwar Batsari na sayar da saniyar na sayi akwatin kayan aiki. Ran tafiya na durƙusa na yi masa sallama, ya ce Allah ya kiyaye hanya, irin yadda ake gaya wa kowane matafiyi.

Kaduna ta karɓe ni. Maganar Injiniya ta tabbata, motocin Japan suka cika gari, masu irin waccan jar kuwa, 'yan ƙalilan ne amma duk wurina suke zuwa. A hannuna na ga yadda ta yi ta sauyawa. Aka ƙara wa injinta girma. Aka ja jikinta aka cusa wasu 'yan kujeru biyu a baya, waɗanda babba ba ya zama sai ya naɗe ƙafa kamar mai zaman tahiya. Daga nan aka cire kafiretocin biyu aka sa injekta mai fesa mai da lantarki, tiyona ya rasa aiki, na koma ɗalibi da gemuna ina koyon waya da mita. Sai aka fito da wata mai iyakwandishan da kujera mai laushi da gilashi mai hawa da maɓalli. Ta fi ta farko daɗin zama, ta fi ta nauyi da tsada, kuma mai albashin da aka fara yi dominsa ya soma kallonta daga nesa. Injiniya ya sayi irinta, lokacin shi ma ya yi tumbi. Yakan ce ta fi, ni in ce ta farko ta fi, mu yi ta musu. Cikin waɗannan shekaru na buɗe garejina, aka haife ku, kuka shiga makaranta.

Gida kuwa ina zuwa duk salla, kuma kowane zuwa ruɗani yake ƙara mini. Baffa yakan sa a shimfiɗa mini sabuwar tabarma a zaure, a yanka zakara, ya gaishe ni doguwar gaisuwa har da tambayar mutanen Kaduna. Ba a yi wa ɗan gida haka, baƙo ake yi wa. In na ce zan bi shanu, ya ce in huta. In na kawo masa riga ya karɓa ya yi godiya, ban taɓa ganinta a jikinsa ba, amma Inna ta ce yana sawa ran Juma'a in ba na nan. Sau nawa na roƙe shi ya zo Kaduna ya ga garejin, ya ce in Allah ya yarda. Ko motata bai taɓa shiga ba. Amma wani mai sayar da goro a Safana ya gaya mini duk motar da ta lalace a kasuwa, Baffa yakan tsaya ya ce da ɗansa na nan da ta tashi. Nakan ɗauki wannan in ajiye kusa da tabarmar baƙo, in rasa wanne zan gaskata. Kowace shekara ina cewa bana zan tambaye shi, kowace shekara in dawo da tambayata.

Saƙon rasuwarsa ya yi kwana biyu a hanya kafin ya same ni. Injiniya ya ba ni sabuwar motarsa ya ce ta fi tawa sauri. Na yi gudun da ban taɓa yi ba, na iso ana addu'ar uku. Da aka zo rabon gado, malamai suka fitar mini da kasona na shanu da gona kamar yadda shari'a ta ce. Yaya Haruna bai yi musu ba, ya dai sunkuyar da kai. Na ce na bar masa. Mutane suka yi ta yabona, ba su san ba kirki ne ya sa ba. Ban san ko Baffa yana lissafa ni cikin garken ba, na kasa cin abin da ban tabbata nawa ba ne.

Bayan shekara biyu na je gida da kaka, na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na zauna ina taya ta. Babu kowa sai kaji. Na ce, "Inna, don girman Allah, ranar da Baffa ya ba ni saniyar nan, me yake nufi? Kin ce guzuri ne. Shi ya gaya miki?"

Ta amsa mini tana ci gaba da ɓara.

"Bai gaya mini ba. Na faɗa ne don hankalinka ya kwanta. Ranar da motarku ta tashi ni ma na tambaye shi. Na ce, Malam, korarsa ka yi ko sallamarsa? Sai ya ce, wallahi ban sani ba. Ya ce, in na ce ya zauna na kashe shi, na ji abin da kunnensa ke ji. In na ce ya tafi na kashe kaina. Na rasa abin faɗa, sai na ba shi saniya."

Na ce to me ya sa bai taɓa gaya mini ba, duk shekarun nan?

"Ya ce ya hango ka ran nan ka taho bakin rafi ka juya. Ya ce da ka ƙaraso ka tambaye shi, da shi ma ya ji abin da zai fito daga bakinsa."

Ta tura mini ƙwaryar gyaɗa ta ce in ci gaba da ɓara.

Wannan shi ne abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Ni da Baffa mun yi shekara goma muna jiran juna, tsakaninmu taku arba'in ne na yashi, har ƙasa ta rufe mai amsar. Ku kuma na ga kun gaji kunyata. In ɗayanku ya zo mini da magana na kama zancen dawa da gero, kada ya tashi. Ya gyara zama ya sake tambaya, tun ina da bakin amsawa.